Kaza Ba Tattabara Ba Ce

Ƙannena da 'ya'yana na Wurno da kewaye, maza da mata, da ku nake yau, musamman wanda ya tara 'yan kuɗinsa na ƙwadagon gona ko na talla, ko yarinyar da gwaggonta ta ba kyautar sagara, har zuciya ta raya musu su fara kiwo. Niyyar tana da kyau, kuma ina taya ku murna da ita. Tun kaka da kakanni da kaza ake koya wa yaro riƙon dukiya a ƙasar nan. A ba shi kaza, ta yi 'ya'ya, a sayar a haɗa a sayi akuya, akuya ta kai ga tunkiya, wani ma har ɗan maraƙi. Duk wanda ya raina kaza bai san yawan kuɗin littafi da na magani da na anko da ta biya a gidajenmu ba.

Sai dai akwai abin da nake yawan gani wajen masu farawa, wanda ba ya yi mini daɗi. Yaro ya tafi kasuwa, ko ta Sara ko ta Babaldu ko ta cikin Birnin Kudu, da kuɗin tsuntsu biyu a aljihu. Ya dawo da kaza ɗaya da ɗan zakara ƙarami, yana murna wai ya sayo aure. Ƙaramin ya ɗauko don nan kuɗinsa suka tsaya. Ya zo ya haɗa su a akurki ɗaya ko a lungun bayan ɗaki, ya toshe ƙofa, ya zauna jiran albarka. Kafin wata biyu gashin gadon bayan kazar ya zube, ƙeyarta ta yi sanƙo, ta koma ɓuya a bayan randa, ƙwan da take yi ya ja baya. Yaron ya rasa gane kan abin. Wani ya ce masa ƙwarƙwata ce, wani ya ce baki ne ya kama ta. Mafi yawan lokuta kuwa ba ko ɗaya, zakaran ne ya yi mata yawa.

Na san inda wannan tunani ya samo asali. Yawancinku da tattabaru kuka buɗe ido a kiwo, su kuwa da aure ake sayen su, da aure ake ƙirga su. Namiji da mace ne ke haɗa sheƙa, ta yi ƙwai biyu, su riƙa karɓar juna wajen kwanci har kimanin kwana 18, in an ƙyanƙyashe kuma su biyun ke ɗura wa 'ya'yan abinci. Kaza ba haka Allah ya halicce ta ba. Zakara ba ya kwanci, ba ya ɗumama 'yan tsaki, ba ya zama da mace guda. Kakannin kajin duniya duka wasu tsuntsayen daji ne da har yanzu ake samu a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, kuma ko a can namiji ɗaya ne ke yawo da mata da dama. Shi ya sa masana kiwo suka tsaya a kan zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma. Lafiyayyen zakara yana iya hawan kaza sau goma ko fiye a yini guda. In kajin goma ne, nauyin ya rabu, kowacce ta samu sararin kiwo da hutawa. In kuwa ɗaya ce tilo, a kanta duka zai ƙare, kullum, safe da yamma, ba ranar hutu.

Ku lura da yadda hawan yake za ku gane abin da nake nufi. Da baki yake cafke gashin ƙeyarta ko zankonta, ya taka gadon bayanta da farata, ƙaiminsa yana gogar gefen jikinta ƙarƙashin fiffike. Sau ɗaya ko biyu a yini ba ya yi mata komai. In ya yawaita, gashin ya kakkarye ya zube, fata ta fito, daga nan sai ƙarzuwa, daga ƙarzuwa sai rauni. Raunin ƙarƙashin fiffike shi ne mai haɗari, don ba a ganin sa sai an ɗaga, ƙuda kuwa ba ya jiran a ɗaga. Kazar da ke cikin wannan hali ba ta ci ta ƙoshi, don da ta sunkuya ga abinci an bi ta. Za ka ga gari ya waye ta ƙi saukowa daga inda ta kwana. Ba lalaci ba ne, tsoro ne.

Wani zai ce ai nasa zakaran ƙarami ne, ba shi da nauyin da zai ji mata ciwo. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ban musa ba. Ƙaramin zakara ya fi sauƙi a bayan kaza, bai kai babba ci ba, kuma in an haɗa babban zakaran maja da 'yar kazar Hausa mai kilo ɗaya, ɓarnar ta fi haka muni da sauri. Amma ƙanƙanta ba ta rage yawan hawa. Sau da yawa ma ƙananan sun fi rawar jiki, sun fi naci. Faratan nan dai suna nan, bakin ma yana nan.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce, me ya sa ya zama ƙarami? Wani ƙuruciya ce kawai, bai kai ba. Zakaran Hausa sai ya yi wajen wata biyar zuwa shida kafin ya zama na aiki, kuma za ka gane yaro da ƙaiminsa da bai tsiro ba da cararsa da ba ta nuna ba. Wannan ba shi da aibu, lokaci kawai yake so, sai dai kada ka sa rai da ƙwan farko-farko. Wani jinsinsa ne haka, kamar durgu mai gajerun ƙafafu, ko 'yan mitsi-mitsin zakarun ado da ake kawowa daga birane, waɗanda a Ingila da Amurka ake kiwo don sha'awa da gasar kyau, wasu ko kilo ɗaya ba sa kaiwa. Shi ma lafiyarsa lau, zai iya hawan kazar da ta fi shi girma, ko da yake in tazarar ta yi yawa baragurbi yakan yawaita, 'ya'yan kuma ba za su kai girman uwar ba. Wanda nake ja muku kunne a kansa shi ne na ukun, wanda ya tsumbure. Yunwa ce ta ci shi yana ɗan tsako, ko tsutsar ciki, ko ya tashi daga ciwo, ko kuwa jinin gida ɗaya ne ya yi ta juyawa har ya gaji. Shi ne mai arha a kasuwa, shi ne dillali zai fara miƙo maka in ya ga kuɗinka kaɗan ne. Ka karɓe shi a hannu ka shafa ƙirjinsa. In ƙashin ya fito tsini ba tsoka a gefensa, in zankon ya koɗe, in ido ba ya walwala, in gashin gindin ya ɓaci da kashi, mayar masa da abinsa ko da kyauta ya ce ka tafi da shi.

A nan ne nake so ku tsaya ku yi tunani a kan wata al'ada tamu da ba mu cika lura da illarta ba. In baƙo ya sauka, wane zakara ake kamawa? Babban. In Sallah ta matso ana neman kuɗin ɗinki, wanne ake kaiwa kasuwa? Babban, don shi ne mai daraja. In an yi haihuwa, in an yi sauka, haka. Shekara ta zagayo, wa ya rage a tsakar gida yana hawan kaji? Wanda ba wanda ya so, ɗan tsumburarren nan da aka riƙa tsallakewa. Shi ne uban duk 'yan tsakin baɗi. Haka muke yi shekara da shekaru, sannan mu zauna muna cewa kajin Hausa ba sa girma. Manomin kirki ba ya cinye zangarniyar da ta fi kyau ya bar ƙanƙararriya don iri. Tun a gona yake ware ta ya rataye. Abin da muka sani game da gero da dawa muka manta da shi a kan kaji. Zakara ɗaya rabin jinin duk 'ya'yan garken ne. Kaza mara kyau 'ya'yanta kaɗai take ɓatawa, zakara mara kyau kuwa na kowa.

To, mai kuɗin tsuntsu biyu ya zai yi? Shawarata kai tsaye: sayi kaji mata biyu, ka bar zakaran tukuna. Da yawa daga cikinku sun ɗauka kaza ba ta yin ƙwai sai da zakara. Ba haka ba ne. Ƙwan nan da ke jere a teburin mai shayi a bakin tasha, daga gidajen gona yake zuwa inda ake tara kaji dubbai ba zakara ko ɗaya a cikinsu. Kaza in ta kai, ta ƙoshi, za ta yi ƙwanta. Aikin zakara ɗaya ne, ya sa ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa. Kuma a gari irin namu, inda kaji ke fita kiwo su bi lungu su haɗu a juji da bakin masussuka, zakaran maƙwabta ya wadatar. Akwai ma wata hikima da Allah ya sanya a jikin kaza: in zakara ya hau ta, tana adana ruwansa a cikinta, ƙwan da za ta riƙa yi har kimanin mako biyu yana iya fitowa da ɗa. Ke nan ba kullum take bukatar sa ba, balle a kulle ta da shi dare da rana.

Ku yi lissafin da kanku. Kazar Hausa takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar a zubi ɗaya, cikin mako biyu zuwa uku. Ta kwanta a kai kwana 21. Ta fito da 'ya'ya ta yi ta jan su wata biyu ko fiye kafin ta yaye su ta koma kyarkyara. A shekara zubi uku take yi, in ta yi ƙoƙari huɗu. Duk tsawon kwanci da reno zakara ba shi da aiki a wajenta, sai ma ya dame ta a gurbi, wani lokaci garin kokawa ƙwai ya fashe. Amma ci ba ya fashi. Ko giram 50 kaɗai kake watsa masa a rana, a shekara ya haura kilo 18, kusan kwano bakwai na hatsi. Wannan hatsin da kaza ta biyu ce ta ci shi, da ta biya ka da zubi uku na ƙwai. Sannan ga wani abu: ƙyanƙyasar farko da za a yi maka, kusan rabin 'yan tsakin maza ne. Nan da wata shida zakarun da za su cika maka gida sai ka rasa yadda za ka yi da su. Abin da zai zo maka kyauta, me ya kai ka kashe rabin jarinka a kansa?

Kai, kazar da ba ta taɓa ganin zakara ba ma tana iya kafa maka jari. Da damina, lokacin da zabi ke zuba ƙwai, Fulani da mutanen ƙauye na shigo da shi kasuwa. Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci da reno irin na kaza, shi ya sa iyayenmu mata suka daɗe suna sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai. Kwana 26 zuwa 28 yake ɗauka, ta fito da su ta rene su kamar nata. Kowa kuwa ya san bambancin kuɗin zabo da na kaza a kasuwa.

Kada wani ya fahimce ni a kan ina ƙin zakara. Wallahi gida ba zakara kamar da saura. Ku zauna wata rana ku kalle shi da kyau. In ya tono tsutsa ko ya samu ƙwayar hatsi, ba ya haɗiyewa, sai ya yi ta ɗauka yana ajiyewa yana kiran kaji da wata 'yar murya. In shirwa ta gilma a sama kukan da yake yi daban, in muzuru ne ko maciji a ƙasa kukan daban, kuma kajin sun san bambancin. Mu da muke zaune kusa da duwatsu da ƙungurmin ciyawar damina, wannan gadi ba ƙaramin abu ba ne. Hadisi ma ya hana zagin zakara saboda tashin mutane da yake yi don sallah. Abin da nake cewa kawai, ya zo a lokacinsa, ya tarar da kajin da suka ishe shi. Daga huɗu ko biyar zuwa sama, nemi zakaranka, kuma ka nemi na kirki.

Yanzu bari in juyo ga wanda ya riga ya saya, ko aka ba shi su biyun kyauta, ko yarinyar da ke gidan haya a Birnin Kudu ko Dutse, inda katanga ta kewaye ko'ina, kaji ba sa fita, ba zakaran maƙwabci da za a dogara da shi. Ban ce ku yanka ba. Ana iya riƙe su lafiya, amma da sharaɗi. Kada su zauna wuri ɗaya kullum. A yi wa zakaran nasa wurin, ko babban kwando ne a kife a inuwa, ko a raba akurkin da raga, yadda suna ganin juna suna jin juna amma bai isa gare ta ba. A sake shi wajenta yini ɗaya ko biyu a mako, lokacin da take cikin yin ƙwai. Wannan ya ishi ƙwan ya yi ɗa. Da ta fara kwanci a raba su gaba ɗaya har ta yaye. In ɗaure shi za a yi, da tsumma mai laushi, ba da igiyar leda mai yanka ƙafa ba, kuma a riƙa bin inuwa da shi. Zafin Afrilu a ƙasar nan yana kashe tsuntsun da aka manta a rana kafin la'asar. Ruwa kuwa kada ya yanke a gabansa. Tsuntsun da ka ɗaure ka hana shi nema, cinsa da shansa sun koma wuyanka, kuma za a tambaye ka.

Ita kuma kazar a sama mata mafaka: itace a gicciye sama da za ta hau, tsohuwar tukunya ko tarin kara da za ta kewaya. Duk mako ka kama ta da dare, ka ɗaga fikafikan ka duba. In akwai rauni, wanke da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a shafa shuɗin maganin nan na gyambo, kuma kada zakaran ya ƙara kusantar ta sai fata ta rufe, gashi ya fara tofowa. Tsinin faratansa da na ƙaiminsa ana iya rage su kaɗan, bakin kawai, don in aka shiga ciki jini zai fito. Duk wannan dabara ce ta wucin gadi. Maganin gaskiya shi ne ƙarin kaji mata. Kuɗin farko da ya shigo hannunka, kada ya tafi katin waya, ya tafi sagara ta biyu.

Da zancen ya zo kan sagara, a kula da irin da za a saya. Yanzu kasuwa ta cika da ingantattun kaji. Akwai ShikaBrown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta fitar, mai yin ƙwai fiye da 200 a shekara in ta samu abincinta. Akwai FUNAAB Alpha daga jami'ar noma ta Abekuta, akwai Noiler. Kaji ne masu kyau ga wanda zai iya ciyar da su. Amma yawancinsu ba sa kwanci. Sai ka ga yaro ya haɗa irin wannan kaza da zakara, ƙwai ya taru a gurbi har ya lalace yana jiran ta kwanta, ita kuwa ko a jikinta. Mai son 'yan tsaki ba shi da kamar kazar Hausa, ko da ita ce za ta kwanta a kan ƙwan waccan. An sha gwada raba zakarun Turai a ƙauyukan Afirka, har da ƙasar nan, don a inganta iri, amma abin bai cika ɗorewa ba, don baƙin ba sa jure yunwa da ciwo da farautar shaho yadda namu ke jurewa. Fingin nan ma da yara ke yi wa dariya saboda wuyanta ba gashi, ta fi sauran jure zafi. Namu ba rainawa suke so ba, zaɓe suke so.

In kaza ta kwanta, ga hanyar da za ka san ko ɗan zakaranka yana aiki. Kada ka tara mata abin da ya fi ƙarfin fikafikanta. Ƙaramar kaza takwas zuwa goma sun ishe ta, kuma a fifita sababbi, waɗanda ba su wuce mako ɗaya zuwa kwana goma ba, musamman da bazara da ƙwai ke saurin lalacewa. Yi musu alama da gawayi don ka gane wanda aka ƙara daga baya. A kwana na bakwai zuwa na goma, da dare, ɗauki ƙwan ɗaya-ɗaya ka haska shi da fitilar waya a cikin duhu. Mai ɗa za ka ga jijiyoyin jini sun bazu a ciki da ɗan duhu a tsakiya. Wanda ya fito fayau ba komai, cire shi. In akasarinsu fayau suke, kada ka ɗora wa kazar laifi. Zakaran ne bai kai ba, ko ya tsufa, ko ba shi da lafiya, ko kuwa girman kazar ya fi ƙarfinsa.

Duk wannan wahala banza ce in annoba ta shigo. Kun san ta, wadda ke zuwa da iskar hunturu ta share unguwa guda cikin mako: kaza ta takure, ta saki fikafikai, kashi ya koma kore, numfashi da kyar, wata wuyan ya murɗe. Likitocin dabbobi na kiran ta Niyukasil, sunan garin Ingila da aka gan ta a 1926. Ba ta da magani in ta kama. Kafson da ake fasawa a ruwa ba ya kashe ƙwayar da ke kawo ta, haka barkono da ɓawon maɗaci. Abin da take da shi rigakafi ne, kuma ana yin sa a ƙasar nan, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924. Akwai nau'in da aka yi don kajin ƙauye, mai ɗan jure zafi, ɗigo ɗaya a ido, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, kuma in an haɗa ta ba ta kwana, saboda haka mai tsuntsu biyu ba zai saya shi kaɗai ba. Ku haɗu, ku 'yan unguwa ɗaya, ku je wajen malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ko malamin gona, ku sa rana kafin sanyi ya shigo, a bi gida-gida. Ba a yi wa wadda ta riga ta kamu.

Hanyar da annobar ta fi shigowa gida kuwa ita ce sabon tsuntsu daga kasuwa. In ciwo ya ɓulla a gari, mutane kan yi maza su kwashi kajinsu su sayar kafin su mutu, farashi ya faɗi, mai ƙaramin kuɗi ya ga garaɓasa. Ɗan zakaran nan mai arha sau da yawa daga irin wannan gida ya fito. Duk abin da ka sayo, ware shi mako biyu kafin ya haɗu da na gida. Wanda ya mutu a binne shi da zurfi, kada a jefa a juji kare ya ja. In kuwa kaji suka riƙa faɗuwa da yawa farat ɗaya, a sanar da malaman dabbobi, kada a fige a ci. Murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a ƙasar nan a 2006, a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, ba ta tafi gaba ɗaya ba, tana dawowa, kuma ita tana iya kama mutum.

'Yan tsaki in sun fito, makonnin farko ne ake asarar yawancinsu. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma tsoronta kaɗai ba ya hana a ɗauke su. Kife su da uwar a babban kwando ko a killace su wata ɗaya zuwa mako shida. A ba su ɓarzajjen gero ko masara, da ɗan garin ƙuli-ƙuli, da gara. Neman gara ba wuya: tsohuwar tukunya, a cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife a inda gara ke fitowa, washegari a juye musu. Ruwansu a kasko mara zurfi da 'yan tsakuwoyi a ciki don kada su faɗa. Akurki a share shi, a zuba toka.

Kada kuma ku manta da maƙwabta. Zakara ba asuba kaɗai yake cara ba, kuma a gidan haya akwai mai jinya, akwai mai jariri. Da kaka, in an baza shanyar riɗi ko ta shinkafa a ƙofar gida, kajinka in sun yi ɓarna kai ka yi. Zumunci da yawa ya ɓaci a kan kaza. Ku tsare naku a lokacin shanya, in sun ci na wani ku je ku ba da haƙuri tun bai zo ba.

Ranar da 'ya'yan farko suka tasa, zakarun cikinsu suka fara gwada cara, nan za a gane ko kun ji maganata. Ka dube su tun suna wata uku, ka ga wanda ya fi saurin girma, ya fi faɗin ƙirji, ya fi kuzari, bai taɓa kwanciya da ciwo ba. Ɗaura masa zare a ƙafa, ka gaya wa Inna da kowa a gidan cewa wannan ba na baƙo ba ne, ba na Sallah ba ne. Sauran a kiwata su a sayar ko a ci. Shi ma zaɓaɓɓen ba a gidan zai zauna ba, don kajin da ke nan uwarsa ce da 'yan'uwansa. Nemi wani mai kiwo a wata unguwa ko wani ƙauye, ko Kangire ko Sundimina ko can wajen Gwaram, wanda shi ma ya ware nasa na kirki, ku yi musaya. In ka kawo shi, ya yi mako biyunsa a ware tukuna, a ɗiga masa rigakafi, sannan a sake shi cikin kaji. Bayan shekara ɗaya ko biyu, kafin 'ya'yansa mata su zama su ne garken, a sake musaya da wani gidan.